Yadda ake auna tazarar tafiyar jirgin sama tsakanin ƙananan filayen jirgi biyu

Idan ka tambayi shafuka uku na intanet nisan da ke tsakanin wasu filayen jirgi biyu, kada ka yi mamaki idan suka ba ka amsa uku. Ba lallai ne wani cikinsu ya yi ƙarya ba. Wani daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari ya auna, wani daga fili zuwa fili, wani kuma ya ba ka amsar da mil bai faɗa maka wane mil ba. A manyan hanyoyin da jirage ke bi dare da rana abin da sauƙi, domin lambobinsu sanannu ne. A ƙananan filaye na yankuna ake shan wahala. Bayanansu ba su da yawa, wasu shafukan ma ba su san da zamansu ba, ga tafiyar gajeriya, ta yadda kuskuren kilomita 30 kan iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na tazarar gaba ɗaya.

Shi ya sa nake so duk wanda aiki ya haɗa shi da wannan lissafi, ɗalibi ne, ko mai sayar da tikiti, ko mai tsara tafiyar ma'aikata, ko mai shirin ɗaukar hayar ƙaramin jirgi, ya iya fitar da lambar da hannunsa. Lissafin ba ya cin minti goma idan hannu ya saba.

Kafin a fara, ka sani cewa tazara iri uku ce. Akwai miƙaƙƙiya, wato hanya mafi kusa a kan doron duniya, wadda masana ke kira babbar da'ira. Akwai wadda aka tsara wa jirgi a takardar tafiyarsa. Akwai kuma wadda ya ci a zahiri ranar da ya tashi. Ta farko ita ce ba ta canzawa, kuma ita za mu fara fitarwa, sauran biyun a kanta ake gina su.

Kayan aiki

Takarda da biro. Kalkuleta mai maɓallan sin da cos da √; ta cikin waya ma ta isa, a yawancin wayoyi idan ka kwantar da wayar a gicciye maɓallan za su bayyana. Hanyar samun lambobin matsayin kowane fili, wato latitud (matsayinsa kudu ko arewa) da lonjitud (matsayinsa gabas ko yamma). Idan kana da kwamfuta, Excel ko Google Sheets zai rage maka aiki. Idan kuma babu intanet sam, taswira mai ma'auni da rula, ko ƙwallon taswirar duniya da zare, za su fitar da kai. Zan yi bayaninsu a mataki na 7.

Mataki na 1: Ka tabbatar da filin da kake nufi

Yawancin kuskuren da ake tafkawa a wannan aiki tun daga nan yake farawa, kafin a taɓa kalkuleta. Sunan gari ba ya isa. Akwai Birmingham a Ingila, akwai wata a jihar Alabama ta Amurka. Akwai Sydney a Ostareliya, akwai wata ƙarama a gabashin Kanada. San José na Kosta Rika daban, San Jose na Kalifoniya daban.

Maganin wannan shi ne lambar haruffa ta fili. Iri biyu ce. Mai haruffa uku ta ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ce, IATA, ita kake gani a tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka: BHX ta Birmingham ɗin Ingila, BHM ta Alabama, SYD ta Ostareliya, YQY ta Kanada. Mai haruffa huɗu ta hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ce, ICAO, ita matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage ke aiki da ita. Ƙaramin fili da jiragen fasinja ba sa zuwa a kai a kai yana iya rasa mai haruffa uku, to sai ka nemi mai huɗu. Ka rubuta duka biyun a saman takardarka idan akwai.

Ka kuma bincika ko garin ya sauya fili. Dakar ta mayar da jiragen fasinjanta zuwa filin Blaise Diagne, DSS, a watan Disamban 2017, kuma sabon filin yana da nisan kilomitoci masu yawa daga tsohon, DKR. Na Santambul ya fi rikitarwa: a watan Afrilun 2019 an ɗauke lambar IST ɗungurungum daga tsohon filin Atatürk aka ba sabon fili. Duk wani tsohon jadawali da ke ɗauke da IST, matsayin tsohon filin yake nunawa.

Mataki na 2: Ka samo lambobin matsayi

Kowane fili yana da ɗigo guda da aka amince shi ne matsayinsa a hukumance, galibi kusa da tsakiyar titunan saukar jirgi. Madogara mafi inganci ita ce kundin bayanan sufurin jiragen sama da kowace ƙasa ke wallafawa, wanda ake kira AIP, a sashen filayen jirgi. Idan bai samu ba, shafin OurAirports da SkyVector da shafin filin a Wikipedia duk suna ɗauke da lambobin. Ni nakan duba wuri biyu in gwama. Idan sun saɓa da abin da bai wuce 0.01 na digiri ba, ba komai, kimanin kilomita ɗaya ke nan. Idan saɓanin ya kai 0.1, mai yiwuwa ɗayansu tsakiyar gari ya ba ka.

Filin da ba ya cikin kowane jadawali fa? Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps ko Google Earth, ka nemo titin jirgin da idonka, ka danna tsakiyarsa ka ɗan riƙe, lambobin za su fito. Ba sai ka damu da bambancin tsarin auno ba, domin tun 1998 ICAO ta ɗora sufurin jirage a kan tsarin WGS 84, wanda shi ne GPS ɗin wayarka ke amfani da shi.

Misalin da za mu yi aiki da shi filaye biyu ne na yanki a arewacin Sikotland: Inverness, INV, da Kirkwall, KOI, da ke tsibiran Orkney. Na zaɓe su ne saboda suna can arewa sosai, inda kuskuren da nake so in nuna maka a mataki na 5 yake fitowa ɓaro-ɓaro.

Inverness: 57°32′33″ arewa, 4°02′51″ yamma.
Kirkwall: 58°57′28″ arewa, 2°54′18″ yamma.

Mataki na 3: Ka mayar da su digiri mai ɗigo

Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60, kamar dai agogo. Don haka sai ka raba mintin da 60, ka raba sakan da 3,600, ka tara su a kan digirin.

Latitud ɗin Inverness: 57 + 32/60 + 33/3600 = 57.5425.
Lonjitud ɗinsa: 4 + 2/60 + 51/3600 = 4.0475.
Na Kirkwall kuma: 58.9578 da 2.9050.

Kada ka ga 57°32′ ka rubuta 57.32. Minti 32 ya haura rabin digiri, wato 0.53. Wanda ya rubuta 57.32 ya ja filin kudu da sama da kilomita 24 ba tare da ya sani ba. Ka kuma lura da yadda madogararka ta rubuta lambar, domin wasu kan ba da digiri da minti mai ɗigo, kamar 57°32.55′, to a nan mintin kawai za ka raba da 60. Lamba huɗu bayan ɗigo ta wadatar, ta kai ka kusan mita 11 daga wurin.

Mataki na 4: Ka sa alama

Arewa da gabas ba su da alama. Kudu da yamma suna ɗaukar alamar ɗebewa. Inverness ya zama 57.5425 da −4.0475, Kirkwall ya zama 58.9578 da −2.9050.

Idan filayen biyu suna ɓangare ɗaya, mantawa da alamar ba ya ɓata amsa, abin da ke sa mutane sakaci da ita ke nan. Ranar da za ta kama ka ita ce ranar da filayen suka sa layin Greenwich (mai raba gabas da yamma) ko layin ikwaita (mai raba arewa da kudu) a tsakiya. Duba Tamale a arewacin Gana da Lome a Togo. Tamale tana kan kimanin 9.56 arewa, 0.86 yamma. Lome tana kan 6.17 arewa, 1.25 gabas. Bambancin lonjitud ɗinsu tarawa ake yi, 1.25 da 0.86, ya ba da 2.11, kuma tazarar ta kama kimanin kilomita 443. Wanda ya manta cewa Tamale yamma take zai ɗebe ne, ya sami 0.39, amsarsa ta fito kimanin kilomita 380. Ya zubar da sama da kilomita 60, kuma amsar ba za ta yi masa kama da kuskure ba, wannan ne haɗarinta.

Idan ka taɓa yin lissafin tsibiran tekun Pasifik, akwai layin digiri 180. Nadi a Fiji yana kan 177.44 gabas, babban filin Tonga yana kan 175.15 yamma. Bambancin zai fito 352.59. Duk lokacin da ya haura 180, ka ɗebe shi daga 360, ka sami 7.41.

Mataki na 5: Lissafin gajeriyar hanya

Wannan ita ce hanyar da na fi so ga filayen yanki, domin kana ganin abin da kake yi, kuma ga tafiyar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba amsarta ba ta da maraba da ta kwamfuta.

Abin da kake buƙatar sani kaɗan ne. Digiri ɗaya na latitud, wato tafiya kudu ko arewa, kimanin kilomita 111.2 ne a ko'ina a duniya. Digirin lonjitud, wato gabas ko yamma, ba haka yake ba. Layukan lonjitud kamar ƙarafan laima suke, a buɗe suke a baki, suna matsewa har su haɗu a ƙoli. A kan ikwaita digiri ɗaya kilomita 111 ne da 'yan kai, a latitud 60 ya koma rabin haka, a ƙuryar arewa kuma ya zama babu. Maɓallin cos shi ke faɗa maka yawan matsewar.

Da farko, tafiyar kudu da arewa. 58.9578 a ɗebe 57.5425, saura 1.4153. Sau 111.2, ya ba da kilomita 157.4.

Na biyu, tafiyar gabas da yamma. Bambancin −4.0475 da −2.9050 shi ne 1.1425. Sau 111.2, ya ba da 127.05. Kada ka tsaya a nan. Ka tara latitud ɗin filayen biyu ka raba biyu, ka sami 58.25. Ka danna cos 58.25, zai ba ka 0.5262. To 127.05 sau 0.5262, kilomita 66.9 ke nan.

Na uku, ka ninka kowace lamba da kanta, ka tara, ka danna √. 157.4 sau 157.4 ya ba da 24,775. 66.9 sau 66.9 ya ba da 4,476. Jimla 29,251. Da ka danna √ za ka ga 171.

Tazarar Inverness zuwa Kirkwall a miƙe kilomita 171 ce.

Wanda ya tsallake cos ɗin nan zai sami kilomita 202, ya ƙara 31 da babu su. Kusa da ikwaita kuskuren ba ya fitowa sosai, domin cos na digiri 8 kusan 0.99 ne, sai mutum ya saba da tsallakewa har ranar da aka ba shi filayen Turai ko na kudancin Ajantina. Ka saba da sa shi kullum.

Abu na biyu da za ka kiyaye: kalkuletarka ta kasance a kan DEG, wato lissafi da digiri. Idan ka ga RAD a saman allon, ka sauya. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka danna cos 60. Idan ta ba ka 0.5, ka ci gaba. Idan ta ba ka wata lamba mai alamar ɗebewa, a kan RAD take.

Mataki na 6: Cikakken lissafi

Idan tazarar ta doshi kilomita 1,000 ko ta wuce, ko filayen suna can kusa da ƙuryar duniya, gajeriyar hanya takan fara kaucewa saboda ta ɗauki ƙasa a shimfiɗe. A nan sai a koma lissafin da ya san duniya a dunƙule take:

sin na latitud na farko sau sin na latitud na biyu, a tara da cos na farko sau cos na biyu sau cos na bambancin lonjitud. Abin da ya fito, a danna masa cos⁻¹. Amsar digiri ce, sai a ninka ta sau 111.19.

A misalinmu jimlar takan fito 0.99964, cos⁻¹ ya ba da kimanin digiri 1.54, a ninka a sami kilomita 171, daidai da ta farko.

Sai dai a gajeriyar tafiya wannan hanya ba ta yafe yanke lamba. Jimlar tana dab da 1, don haka duk amsar a cikin lambobin ƙarshe take ɓoye. Idan ka taƙaita 0.99964 zuwa 0.9996, tazarar za ta koma kilomita 180. Ka bar lambobin a cikin kalkuleta har ƙarshe, kada ka kwafe su a takarda kana datsewa.

A Excel ko Google Sheets, ka sa latitud na filin farko a B2, lonjitud ɗinsa a C2, na fili na biyu a B3 da C3, tare da alamominsu, sannan ka rubuta:

=6371*ACOS(SIN(RADIANS(B2))*SIN(RADIANS(B3))+COS(RADIANS(B2))*COS(RADIANS(B3))*COS(RADIANS(C3-C2)))

Lambar 6,371 ita ce matsakaicin nisa daga tsakiyar duniya zuwa doronta da kilomita. Na ce matsakaici domin duniya ta ɗan baje a tsakiya: a ikwaita nisan 6,378 ne, a ƙuryoyi 6,357. Saboda haka amsarka za ta iya saɓawa da ta manhajojin da ke lissafi da ainihin siffar duniya, amma saɓanin ba ya wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A tafiyar kilomita 171, ƙasa da kilomita ɗaya ke nan.

Mataki na 7: Ka gwada amsar ta wata hanya

Kada ka miƙa wa kowa lambar da hanya ɗaya ce ta ba ka ita. Shafin Great Circle Mapper shi ne mafi sauƙi, ka rubuta INV-KOI kawai. A Google Earth akwai rula, a Google Maps kuma akwai wurin auna nisa idan ka danna wuri da maɓallin dama na linzami. Abin da ba za ka yi ba shi ne neman kwatancen hanya, domin wannan nisan mota ne, wani lokaci har da jirgin ruwa a ciki.

Idan babu intanet, taswirar takarda za ta yi, da sharaɗi. Taswirar matuƙa jirgi, wadda aka fi zanawa a tsarin Lambert, an yi ta ne don a ja layi da rula a auna. A mai ma'aunin 1:500,000 santimita ɗaya kilomita 5 ce, a mai 1:1,000,000 kuma kilomita 10. Taswirar bango irin ta Mercator, wadda tsarinta ya samo asali tun 1569, tana kumbura ƙasashe yayin da ake nesa da ikwaita, don haka ma'auni guda ba ya yi mata aiki a ko'ina. Dabarar ita ce ka ɗauki tsawon layinka da gefen takarda, ka kai shi jikin lambobin latitud da ke gefen taswirar, daidai tsayin da filayen suke, ka ƙirga digiri nawa ya ci, ka ninka sau 111.2. Kada ka auna a jikin lambobin lonjitud na sama ko na ƙasa. Idan kuma taswirar hoto aka ɗauka ko aka sake bugawa, rubutaccen ma'auninta ya tashi daga aiki, sai dai ka bi sandar ma'aunin da aka zana a jikinta, ita tana ƙaruwa tana raguwa tare da taswirar.

Ƙwallon taswirar duniya da zare yana nuna maka babbar da'ira da idonka: ka ɗame zaren tsakanin wuraren biyu, ka kai shi kan ikwaita ka ƙirga digiri. Ga doguwar tafiya yana da kyau. Ga filaye biyu masu kusanci, kaurin yatsanka ma ya rufe su duka.

Mataki na 8: Ka faɗi ma'aunin da ka yi aiki da shi

Mil iri biyu ne. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne. Mil na teku, wanda ake taƙaitawa NM ko nmi, kilomita 1.852 ne cif, kuma da shi matuƙa jirgi ke magana, domin ya yi daidai da kusan minti ɗaya na latitud. Kilomita 171 ɗinmu mil 106 ne na ƙasa, mil 92 na teku. Idan wani ya ce maka "mil 92" ka ɗauka na ƙasa ne, za ka fitar da kilomita 148. Duk lambar da aka ba ka da mil, ka tambaya wanne.

Mataki na 9: Daga miƙaƙƙiyar tazara zuwa wadda jirgi ke ci

Jirgi ba ya tashi ya miƙe kamar an ja zare. Yana tashi ne yana fuskantar iska, don haka idan iskar ranar daga kudu take kuma tafiyar arewa ce, sai ya fara yin kudu sannan ya kewayo. Haka wajen sauka, yakan wuce filin ya juyo ya daidaita da titin tun daga nesa. Tsakanin nan kuma akwai hanyoyin sama da aka shata daga wannan tasha zuwa waccan, akwai sararin da sojoji suka killace, akwai hadarin da dole a kewaye, akwai jiran layi a sama idan fili ya cika. Yawancin wannan ƙarin a bakin filayen biyu yake faruwa, shi ya sa ya fi nauyi a gajeriyar tafiya. Kilomita 40 a kan 4,000 ba a jin su, amma a kan 171 sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu.

Idan kana son ƙiyasi mai madogara, ICAO tana da ƙa'idar da take bi a lissafinta na hayaƙin jirage: tafiyar da ba ta kai kilomita 550 ba a ƙara mata 50, daga 550 zuwa 5,500 a ƙara 100, abin da ya haura haka a ƙara 125. Da wannan, Inverness zuwa Kirkwall ya zama kimanin kilomita 221. Matsakaici ne, wata rana jirgin zai ci ƙasa da haka, wata rana fiye.

Idan ainihin abin da jirgi ya ci kake so, ka nemi lambar tafiyar a shafukan bin sawun jirage, FlightAware ko Flightradar24, ka duba sawunta na kwanaki da dama, kada ka tsaya a kan rana ɗaya. A yankunan da na'urorin karɓar siginar jirage suka yi ƙaranci, za ka ga sawun ya yanke an cike giɓin da miƙaƙƙen layi. Wannan yankin zato ne, kada ka ɗauke shi a matsayin hanyar da jirgin ya bi.

Sannan ka duba ko tafiyar kai-tsaye ce. Ƙananan filaye sau da yawa ba su da jirgi a tsakaninsu, sai an bi ta babban fili. A ce tikitin Tamale zuwa Lome ya bi da kai ta Accra. Zangon farko kimanin kilomita 446 ne, na biyu kimanin 169, jimla 615, alhali a miƙe 443 ce. Kowane zango lissafinsa daban, kuma kowanne da nasa ƙarin tashi da sauka.

To wacce za ka bayar a cikinsu? Ya danganta da mai tambaya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta tsara diyyar fasinja idan an soke tafiya ko an hana shi shiga jirgi, ta raba matakan diyyar a kan kilomita 1,500 da 3,500, kuma da babbar da'ira ta ce a auna. A irin wannan, miƙaƙƙiyar tazara ce kawai ke aiki. Mai lissafin hayaƙi ko kuɗin hayar jirgi kuwa, wadda aka yi wa ƙari ta fi kusa da bukatarsa.

Mataki na 10: Idan lokaci kake nema

Ka raba miƙaƙƙiyar tazarar da gudun jirgin. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya irin Cessna Caravan yana yin kimanin kilomita 340 a awa. ATR 72 yana yin kimanin 500. Dash 8-400 yakan kai 650 da ɗoriya. Boeing 737 yana wajen 830. A kan abin da ya fito, ni nakan ƙara minti 25 zuwa 30 na gangarawa zuwa titi, da hawa, da saukowa, da kewaye. Kilomita 171 a gudun 500 minti 20 ne da 'yan kai, da ƙarin ya zama wajen minti 45 zuwa 50. Idan ka ƙara waɗannan mintuna, kada ka sake ƙara kilomita 50 na mataki na 9, ka biya kuɗin kewaye sau biyu ke nan.

A gajeriyar tafiya jet ba ya tsere wa mai farfela da yawa, domin kafin ya gama hawa lokacin saukowa ya yi. Iska ma tana da tata: jirgi mai gudun 500 da ke fuskantar iska mai gudun 50, a ƙasa 450 yake ci, a dawowa kuma 550. Shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama ɗaya a jadawali.

Kada ka yi ƙoƙarin gano tazara daga lokutan da ke kan tikiti. Lokacin tikiti daga barin wurin ajiye jirgi ne zuwa tsayawa a na can, kamfanoni kuma kan ƙara 'yan mintuna na ko-ta-kwana. Ga kuma bambancin agogo, domin kowane lokaci da agogon garinsa ake rubuta shi. Entebbe a Yuganda da Kigali a Ruwanda kimanin kilomita 340 ne tsakaninsu, amma agogon Yuganda yana gaba da awa ɗaya. Jirgin da ya tashi Entebbe ƙarfe 10 ya yi tafiyar kusan awa guda, tikiti zai nuna ya isa Kigali wajen ƙarfe 10, a dawowa kuma ya nuna kamar awa biyu aka yi.

Gargaɗi guda da ba na wasa da shi: duk wannan lissafi na tsara tafiya ne da fahimta, ba a auna man jirgi da shi. Matuƙi yana lissafa hanyar da aka ba shi, da iskar ranar, da nauyin kaya, da man da zai kai shi wani fili idan na farko ya ƙi saukuwa, da na ajiya a kan wannan. Wannan aikinsa ne da na ma'aikatan tsara tafiya na kamfaninsa.

Idan ka gama, ka rubuta amsar yadda wanda ya karɓa ba sai ya dawo ya tambaye ka ba: lambobin filayen, da irin tazarar, da ma'auni. Misali, "INV zuwa KOI, kilomita 171 a miƙe, mil 92 na teku, da ƙarin ICAO, kimanin kilomita 221." A ƙasa ka sa latitud da lonjitud ɗin da ka yi aiki da su da inda ka samo su, don idan wani ya fitar da wata lamba daban, ku san daga inda za ku fara dubawa.